Mai Lamba Arba'in da Takwas

Ba zan taɓa mantawa da lamba arba'in da takwas ba. Ko da ma na so in manta, waɗanda suka halarci taron nan ba za su bar ni ba. Har gobe akwai dattijon da in muka haɗu a tashar Rogo, kafin ya tambaye ni mutanen gida sai ya ce, "A'a, Arba'in da Takwas, kai ne a gari?" Ni kuma in rusuna in gaishe shi, don babu yadda zan yi, sa'an mahaifina ne.

Bari in faro daga tushe, kada in bar mai karatu a duhu. (Ni mutum ne mai son a bi komai daki-daki, kuma za ku ga inda wannan hali ya kai ni.)

A jami'a na karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren ba ɗalibai shawara kan abin da ya kamata su karanta da sana'ar da za ta dace da su. Na gama, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida Tudun Kaya, na zauna shekara biyu ina taya Baba aikin gona ina aika takardun neman aiki. In aka tambayi Inna me ɗanta ya karanta, sai ta ce, "Karatun sanin halin mutane." Wannan bayani nata ne ya sa wata tsohuwa ta yi sallama da ni da sassafe wai in fassara mata mafarki.

Akwai kuma wata cuta da nake da ita, gara in faɗe ta tun yanzu. Ban iya ba da amsa kai tsaye ba. In ka tambaye ni ko za a yi ruwa yau, ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, har an fara yayyafi, zan ce maka, "To, ya danganta." Ba ƙarya nake gudu kawai ba, tsoro nake kada in faɗi abu ya zo ba haka ba, a ce ni na ce. Tun a jami'a abokai suka sa min Malam Ya Danganta, sunan ya biyo ni gida, ban san a motar wa ya hau ba.

Ana nan sai Kawu Isyaku, yayan Inna, wanda yake rubuta wa dagaci takardu a wajen Rogo, ya aiko a kira ni. Ya ce sakandaren da mutanen garinsu suka gina da gumin kansu tana neman malami ɗaya da zai riƙa zama da yara yana nuna musu hanya: wa zai shiga ajin kimiyya, wa zai shiga na kasuwanci, wa kuma ya fi dacewa ya haɗa da koyon sana'a. Gurbi ɗaya ne tak. Kuma ba ni kaɗai ba ne, akwai wani mai nema, wanda aka ce in ya yi magana a Rogo ana jin sa a Karaye. Kwamitin iyaye sun ce ba za su sayi abin da ba su gani ba, in zo in gwada aikin a kan aji ɗaya, sannan in tsaya a gabansu in yi bayani.

Na dawo gida ina murna ina fargaba, fargabar ta fi yawa.

Abin da zan gwada ba wani sihiri ba ne. Masana sun daɗe suna bincike a kan abin da ran mutum yake karkata gare shi, suka lura cewa ana iya kasa shi gida shida: masu son aikin hannu da inji, masu son bin diddigin abu, masu son ƙirƙira da zane da waƙa, masu son hulɗa da jama'a da taimaka musu, masu son jagoranci da ciniki, sai masu son tsari da adana takardu. In aikin mutum ya yi kusa da abin da ransa yake so, sau da yawa ya fi jin daɗinsa, ya fi daɗewa a kansa. Ana gano wannan ne da takardar tambayoyi, mutum ya zaɓi "ina so ƙwarai" ko "ina so" ko "ba na so" ko "ba na so ko kaɗan". Malaminmu na jami'a yana yawan ja mana kunne cewa takardar so take aunawa, ba iyawa ba, ba kuma ƙaddara ba. Ƙofar hira ce, ba hukuncin alƙali ba. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi biyu da jan biro. (Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.)

Na zauna na tsara tambayoyin da Hausa, da abubuwan da yaranmu suka sani. Kana son gyaran injin ban ruwa? Kana son kai gyaɗa kasuwa ka yi ciniki? Kana son sasanta masu faɗa? Kana son gano dalilin da ya sa dawar wata gona ta yi kyau ta kusa da ita ta lalace? Na ƙara 'yan tambayoyi a kan hali, irin su ko gabanka yana faɗuwa in za ka yi magana a taro. Na je Karaye na yi fotokwafi, shafi huɗu-huɗu, shafin farko bayani ne kawai.

Sai zulumi ya kama ni: in tambayoyin suka yi yawa fa, yara suka gaji? Na ɗauki guda ɗaya, na ajiye agogo a gabana, na cike ta da kaina don in ga minti nawa take ci. Kuma tunda ni ne, ban iya zaɓar amsa na wuce ba, sai da na riƙa yi wa kaina ƙarin bayani a gefen takarda. Da na gama na cusa ta a ƙarƙashin sauran, da niyyar in cire ta daga baya. Bayan kwana biyu na zo sa lambobi, ina ɗaga kusurwar kowace takarda ina rubutawa, ɗaya, biyu, uku, har arba'in da takwas. Na zuba su a babbar ambulan na rufe. Niyyar cirewa kuwa tana nan, har yau ban cika ta ba.

Ranar da na je makarantar, na roƙi firinsifal ya riƙe jerin sunaye a hannunsa, ya rubuta lambar kowane yaro a gaban sunansa, ni kada in gani, saboda sirri. Na tambaye shi su nawa ne a ajin, ya ce, "Ba su kai hamsin ba." Na yi ta miƙa takardu daga sama har kowa ya samu. Yaran suka zuba min ido. Can wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malam, wacce ce amsar?"

Na ce babu amsar daidai, babu ta kuskure, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Suka dubi juna kamar na ce musu yau babu sallar azahar. Wani daga baya ya ce, "To Malam, in babu amsa, ta ina za a ci?" Da ƙyar dai muka fahimci juna. Suka cike, na tattara, na mayar cikin ambulan ɗin nan, na hau babur na dawo gida ina jin kaina wani babban mai bincike.

Shigar da amsoshin a kwamfuta aiki ne na mutum biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bugawa. Balaraba, 'yar Kawu Isyaku, malamar firamare ce a garinmu, ta girme ni da shekara ɗaya. Taubashiyata ce, tun muna yara bawanta take kira na, kuma ban taɓa yin kuskure a duniya ya wuce ta ba. Ita ta zo ran Asabar da hantsi, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Kafin mu fara na yi mata lacca ta kusan rabin awa a kan amanar bincike: lamba da amsa kawai za ta karanto, ko ta gane rubutun ɗan wani, kada ta kuskura ta faɗa min.

Muka yi ta yi har rana ta take. Da muka zo ta ƙarshe, sai ta buɗe ta, ta tsaya tana dubawa.

"Bawana, wannan ma a sa?"

"Duka za a sa. A bincike ba a jefar da takardar kowa."

"A'a, ina nufin wannan ɗin, ka ɗan duba rubu..."

"Balaraba!" Na ɗaga mata hannu, na kawar da kaina gefe har da rufe ido. "Me na gaya miki? Ko ɗan Gwamna ne ba na son in sani. Sirri ne."

Ta dube ni, ta dubi takardar. Wani murmushi ya fara daga gefen bakinta, irin wanda na sani tun muna wasan ƙasa, amma a ranar ban karanta shi ba, ni mai karatun sanin halin mutane.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Inna, kin ji ko? Yau bawana ya tabbata." Ta gyara zama. "To, arba'in da takwas. Tambaya ta ɗaya, ba na so ko kaɗan."

Ana gobe taro na kwana a gidan Kawu. Bayan la'asar ya kira ni zaure, ya ce in ɗan gwada masa abin da zan faɗa. Ban kai minti biyar ba ya dakatar da ni.

"Tsaya, ɗan nan. Na ƙirga maka 'wataƙila' bakwai da 'mai yiwuwa' huɗu. Mutanen nan manoma ne da 'yan kasuwa. In mutum ya kai akuyarsa wajen malamin dabbobi ya ce masa wataƙila ciwo ne wataƙila ƙoshi ne, zai ƙara komawa? Gobe in ka zo shiga, ka tuɓe 'ya danganta' ka bar ta a bakin ƙofa. Ka yi magana kamar namiji. Ni na sa bakina a maganar nan, kada ka ba ni kunya."

Na ce in Allah ya yarda. Na ɗauki biro na bi takardar jawabina, duk inda na ga "wataƙila" na soke, na rubuta "tabbas" a samanta. In ban manta ba, sun kai ashirin.

A ajin ƙarshe aka yi taron, da hantsi. Dattawa sun kai goma sha biyar, sun zauna a kan bencinan yara, manyan riguna suna jan ƙasa. Shugaban kwamiti shi ne Alhaji Ɗan'azumi, dillalin hatsi da gyaɗa, mutum mai kaifin ido da ƙarancin magana. A gefensa sai na hango Malam Garba, tsohon hedimastanmu na firamare, wanda ya yi ritaya ya koma garinsu, ashe nan ne garin. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Kai ne ka zama haka? Madalla." Aka yi addu'a, aka gaisa, aka tambayi gajiya da amfanin gona da mutanen Tudun Kaya ɗaya bayan ɗaya.

Na zana gida shida a allo na fara bayani. Abin mamaki, sai na ji muryata tana fita. Duk inda na zo "tabbas" sai in ga kawuna suna gyaɗawa. Kawu yana can baya yana shafa gemu. Na ce a raina, ashe haka abin yake da daɗi? Shekara da shekaru ina wahalar da kaina a banza.

Alhaji Ɗan'azumi ya yi gyaran murya.

"Malam, mun ji, Allah ya ƙara ilimi. Amma duk wannan buhu ne a ɗaure. Kwance mana bakin guda ɗaya mu ga ƙwayar. Ɗauko yaro ɗaya ka ce ga halinsa, ga abin da ya dace da shi."

Na duba jadawalin da ke hannuna. Yawancin yaran amsoshinsu a gauraye suke, nan kaɗan can kaɗan, irin waɗanda sai an zauna da su. Amma akwai guda ɗaya a can ƙasa da ta fita sarai kamar wata daren goma sha huɗu. Wajen tsari da adana takardu ta cika fal. Wajen hulɗa da jama'a da jagoranci kuwa, kusan babu komai. Wajen faɗuwar gaba ba wanda ya kamo ta. Na ce a raina, ga wadda zan nuna bajinta a kanta.

"Mu ɗauki mai lamba arba'in da takwas," na ce, har da buga allo da alli. "Wannan ɗalibi, tabbas, ba mutumin shiga jama'a ba ne. Ko kusa kada a bari ya yi sha'awar aikin koyarwa. In aka tsayar da shi gaban aji, zulumi zai kayar da shi kafin a tashi tara."

Aka yi 'yar dariya. Ban taɓa ba taro dariya da gangan ba a rayuwata, sai daɗin ya hau min kai.

"Irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa, sai sun duba agogo sau biyu. In ya je sayen hula, kasuwa za ta watse bai zaɓa ba. Kada a ba shi shugabancin ko da ƙungiyar ƙwallo. Babu shakka, abin da ya dace da shi shi ne a samo masa ɗaki mai ƙofa ɗaya, a tara masa takardu, a ja masa ƙofar."

Dariya ta ƙaru. Wani dattijo ya ce, "Allah ya sa dai ba nawa ba ne." Na kusa da shi ya ce, "Naka ai ba ya rufe baki, kwantar da hankalinka."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan yaro abin tausayi ne. Bai kamata a bar shi haka ba. Firinsifal, duba mana ko ɗan waye. Ba sai ka faɗa a nan ba, in an tashi a kira uban a gefe."

Firinsifal ya buɗe jerin sunayen, ya bi da yatsa har ƙasa. Ya juya bayan takardar. Ya sake juyowa.

"Alhaji, yaranmu arba'in da bakwai ne."

Dattawa suka dubi juna. Wani ya ce, "To, ko aljani ne ya zauna jarrabawar?" A nan ne ya kamata wani abu ya motsa a ƙwaƙwalwata. Bai motsa ba. Ina can sama a kan dokin "tabbas", na ce ai takarda ba ta ƙarya, tana nan a ambulan. Malam Garba ya miƙo hannu ya ce a ba shi ya gani, ya san rubutun rabin yaran yankin nan. Na zaro ta daga ƙasa na miƙa masa da hannu biyu, ina kawar da kai don kada in ga rubutun. (Sirri, kun gane.)

Ya sa tabarau, ya buɗe shafi na biyu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya fara karantawa da muryar nan tasa ta kiran suna a taron safe.

"Kana son tsayawa gaban aji ka koyar? An zaɓi 'ba na so ko kaɗan'. A gefe kuma an rubuta, 'Amma ya danganta da yawan ɗaliban.'"

Na ga Kawu ya daina shafa gemu.

"Kana son sasanta masu faɗa? 'Ba na so.' A gefe, 'Ya danganta, in ba su da sanda.'"

Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta motsa. Na tuna agogo. Na tuna kusurwar takardu. Na tuna murmushin Balaraba.

"Kana son jera takardu bisa tsari? 'Ina so ƙwarai.' Nan babu ya danganta." Ya juya shafin ƙarshe. "A ƙasa an rubuta, 'Minti ashirin da uku. Wataƙila a rage tambayoyin, amma ban tabbata ba.'"

Ya cire tabarau, ya ninke shi a hankali, ya dube ni.

"Wannan rubutun ni na koya wa mai shi riƙe fensir. Tun yana aji biyu haka yake rubutu, a hankali, kamar yana tsoron kada takarda ta ji ciwo."

Ban san yadda zan kwatanta dariyar da aka yi ba. Dattijon da ya ce Allah ya sa ba nasa ba ne, sai da hularsa ta faɗi. Firinsifal ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Wani yana cewa, "Ɗaki mai ƙofa ɗaya! A ja masa ƙofar!" Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, gumi ya jiƙe min riga, ina roƙon ƙasa ta tsage. Simintin ajin nan duk ya farfashe, amma babu tsagar da ta kai in shige. Kawu ban iya ko kallon inda yake ba.

Alhaji ya bari aka lafa, sannan ya ce, "To Malam, ni ɗan kasuwa ne, tambaya ɗaya gare ni. Takardar nan taka, gaskiya ta faɗa ko ƙarya? In gaskiya ta faɗa, da bakinka ka ce kada a bar ka kusa da aji. In kuma ƙarya ta faɗa, me za mu yi da ita a kan 'ya'yanmu?"

Na buɗe baki. Wallahi na nemi "tabbas" sama da ƙasa, ta gudu. Abin da ya fito shi ne:

"Alhaji... ya danganta."

Aka sake rushewa. Wannan karon har Alhaji sai da ya sa hannun riga ya rufe baki.

Na riga na fid da rai da aikin, kuma akwai wata natsuwa da take sauko wa wanda ya gama faɗuwa. Da aka yi shiru sai na ji ina magana da muryata ta kullum, mai rawa, ba ta aro ba. Na ce takardar ba ta yi ƙarya ba: ina tsoron taro, ga shi kuwa kowa yana gani, kuma ina son tsari fiye da yadda ya kamata. Bakina ne ya yi ƙarya. Takarda ta ce "ba ya so", ni na ce "ba zai iya ba". Ta ce "yau", ni na ce "har abada". Ba ta tambaye ni ko ina son zama da mutum ɗaya in saurare shi ba, kuma wannan ina so, ina jin ma na iya, ko da yake ban cika tabbata ba. Na ce an koya mana takardar ƙofar hira ce, ni na mai da ita hukunci don in burge su. Na ce da yaro ne na gaske mai lambar nan, da yau na sa dattawan garinsu sun yi masa dariya, ubansa yana zaune.

Ba wanda ya yi dariya a wannan. Dattijon mai hula ya ce, "Haka ne kuma," a hankali.

Aka ce in ɗan fita. Na tsaya a gindin darbejiya ina lissafin ta wace hanya zan koma Tudun Kaya ba tare da na bi ta gidan Kawu ba. Ina jin an kai rabin awa, ko ƙasa da haka, ban duba agogo ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Da aka kira ni, Alhaji ne ya yi magana.

"Mun tattauna. Wasu sun ce a ɗauki mai murya. Ni na ce na shekara talatin a kasuwa, mudun da ya auna mai shi bai ƙara masa ko ƙwaya ba, ban taɓa ganin irinsa ba sai yau. Mudun ba shi da algus, mai awon ne hannunsa yake rawa. Za mu gwada ka zango ɗaya."

Malam Garba ya ɗora da sharaɗi: ba za a sake karanta takardar ɗan kowa a taro ba, yaro ɗaya-ɗaya zan riƙa gani, in ji ta bakinsa kafin in buɗe nawa. Firinsifal ya ce akwai ƙaramin ɗaki kusa da ofishinsa da ake ajiye tsofaffin rajista. Wani ya tambaya, "Ƙofa nawa gare shi?" Ya ce, "Ɗaya." Aka tashi taro da dariya, aka shafa fatiha.

Ni da Kawu muka kama hanya har muka kusa gidansa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan abar da na ce ka bari a bakin ƙofa, koma ka ɗauko kayarka. Ta fi yi maka kyau."

Labari ya riga ni isa Tudun Kaya. Na tarar da Balaraba a tsakar gidanmu, ta zo musamman, har da ɗaurin ɗankwali na zuwa biki.

"Sannu da zuwa, ɗan Gwamna."

"Balaraba, kin sani kika yi shiru."

"Ni? Inna shaida ce, sau biyu ina buɗe baki. Ka ce sirri ne. Ni kuwa akwai riƙon amana."

Inna ta ce, "Ta tambaye ka ko ka tabbata, ka ce ka tabbata. Ni ma a ranar sai da gabana ya faɗi."

Zango ɗaya ya zama biyu, yanzu ina shekara ta uku a ɗakin nan mai ƙofa ɗaya, sai dai ba a ja min ita, a buɗe take. Na jera tsofaffin rajistar nan shekara-shekara ba wanda ya sa ni. Taron safe har yau ba na jagoranta, in aka matsa min in yi sanarwa sai na rubuta ta sau uku. Takarda mai lamba arba'in da takwas tana cikin durowata, a sama, duk takardar yaron da zan ɗauko sai na ɗaga ta tukuna. In yaro ya zauna ya ce, "Malam, to me zan zama?" sai in ce masa ya danganta, in jawo kujera kusa, in tambaye shi a kan me yake ganin ya danganta. Yawanci daga nan hirar take farawa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Sau ɗaya tak na taɓa yin magana da cikakken tabbaci a rayuwata, ita ma a kaina ta ƙare. Kafin ka auna ɗan wani a gaban jama'a, leƙa cikin mudun ka ga ko kai ne a ciki. In kuwa taubashiyarka ta tambaye ka "Ka tabbata?" tana murmushi, to, wannan kam bai danganta da komai ba. Tsaya ka duba.